Haƙori Ma Gini Ne

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a kudancin Kano ya san aikin da ke jiran magidanci idan bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Zai zaga gidansa yana duban katanga, ya hau soro ya share bakin indararo, ya sa yara su ɗebo ƙasa. Ruwanmu ya fi na 'yan'uwanmu na Ɗambatta yawa. In ka bar Bebeji ka bi ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka nufi Doguwa da duwatsun Riruwai, kana tafiya damina tana ƙara nauyi. Shi ya sa ba ma wasa da yaɓe.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, magini ne, ni kuma ina yaro ni nake miƙa masa ƙasa. Wata rana ya tsaya gaban wata tsaga siririya kamar zare a katangar zaure. Maimakon ya shafe ta, sai ya ɗauki 'yar fartanya ya yi ta ƙwaƙule ta, busasshiyar ƙasa tana zuba, har ramin ya isa a zura hannu. Na ce, "Kawu, ai ɓata katangar kake yi." Ya ce, "Kai yaro, in ka yi yaɓe a kan ruɓaɓɓiyar ƙasa, ruwan farko zai tofar maka da aikinka." Sai da ya tarar da ƙasa mai tauri, sannan ya yayyafa ruwa, ya cusa sabon kwaɓi mai ramno, ya danna da tafin hannu har ya saje da jikin bango.

Ban sake tuna wannan rana ba sai bayan shekaru masu yawa, ina kishingiɗe a kujerar likitan haƙori a Kano, fitila a fuskata, ɗan injinsa yana kuka a cikin bakina. Ɗigon baƙi ne kawai na gani a madubi kafin in zo, amma da harshena ya taɓa wurin bayan ya gama ƙwaƙula, sai na ji rami sosai. Abin da Kawu ya yi wa katanga, shi likita ya yi wa turmin haƙorina: ya cire ruɓa har ya tarar da lafiyayyen wuri, sannan ya cike. Na sha jin mutane suna cewa likita ya ƙara musu faɗin kogo. Kogon yana nan tun da daɗewa, bakinsa ne ƙarami.

Mece ce take fara tsaga haƙori? A kasuwanninmu har yanzu akwai masu nuna wa jama'a wai tsutsar da suka fitar daga bakin mai ciwo. Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke akwai ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a cikin farar dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a jikin haƙora. Abincinsu sukari. In sun ci sai su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. Ikon Allah, miyau yana wanke tsamin, yana kuma mayar wa ɓawon abin da ya rasa, amma sai an ba shi lokaci.

Nan ne misalin gini ya fi zama daidai. Ruwa mai ƙarfi da za a sheƙa a ɗauke, rana ta fito, ba shi yake kayar da katanga ba. Marka ce take kayar da ita, ruwan watan Agusta da zai kwana uku yana yayyafi, bango bai samu ya sha iska ba. Haka zaƙi yake. Wanda ya zauna ya sha karan rake guda da ya sayo a Kwanar Ɗangora, ya kuskure baki ya tashi, bai cuci haƙoransa kamar yaron da ke tsotsar alewa tun safe, ya ɗora mazarƙwaila da hantsi, ya kora da lemon kwalba, ya kwanta da zaƙin shayi a bakinsa ba. Wannan yaron bakinsa a cikin marka yake wuni. Da dare kuwa miyau yana raguwa, sai tsamin ya ci karensa babu babbaka har asuba. Shi ya sa in za a bar wankin baki ɗaya, to kada ya zama na kafin barci.

Ba na cikin masu raina aswaki. Sunna ne, iyayenmu sun riƙe shi, kuma wanda ya iya sarrafa aswakin darbejiya yana bin haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, ya fi mai buroshin da zai goga sau uku ya tofar. Sai dai akwai abin da man goge baki yake da shi wanda itace ba shi da shi, wato sinadarin fulorayid. Maginanmu sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su yi makuba su shafe bango don kada ruwa ya ratsa shi. Fulorayid makubar haƙori ce: yana shiga jikin ɓawon ya sa tsami ya sha wuyar cinsa. Don haka likitoci suke cewa a goge sau biyu a rana, kamar minti biyu, a tofar da kumfar kada a bi ta da kuskurar ruwa mai yawa, kamar dai yadda ba a shafa makuba a bi ta da bokitin ruwa. Yaron da bai kai shekara 3 ba, man da za a sa masa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Gawayi da toka da yashi kuwa suna sa haske na 'yan kwanaki, amma kankare bango suke yi, kuma ɓawon da ya tafi ba ya dawowa.

Akwai wani aikin da mutanenmu suke tsoro ba gaira ba dalili, wato wankin haƙori a asibiti. Za ka ji ana cewa yana buɗe tsakanin haƙora, yana sa su girgiɗi. Ka tuna gidan da aka bar shara da tarkace suka taru a gindin katangarsa shekara da shekaru. Danshi yana kwance a ƙarƙashi yana cin gindin, ba wanda ya gani. Ranar da aka kwashe sharar sai a ga bango ya zaizaye, ya tsaya a kan siririyar ƙafa. Wa zai ce mai shara ne ya zaizaye shi? Dauɗar da ba a goge ba takan daskare ta zama kamar dutse a gindin haƙori, buroshi ba ya iya ta, aswaki ba ya iya ta. Ita take sa dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari, sannu a hankali ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa janyewa. Likita yana ɓanɓare ta da ɗan ƙarfe ko na'ura mai feshin ruwa, sai ɓarnar da ta ɓoye ta fito fili. Dattawa da yawa da na sani ba kogo ne ya raba su da haƙoransu ba. Lafiyayyun haƙora ne suka yi ta girgiɗi suna faɗuwa saboda gindi ya tafi. Mai ciwon sukari ya fi kowa bukatar ya kula da wannan, haka mai juna biyu da ta ga dasashinta yana jini.

Shi ciko iri-iri ne. Akwai na ƙarfe mai launin azurfa da aka daɗe ana yi, akwai fari mai kama da haƙori wanda ake haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku, wani irin siminti da ake kwaɓawa, yana kama jikin haƙori yana kuma sakin fulorayid a hankali. A shekarun 1980, a ƙasar Tanzaniya, aka fara gwada hanyar ƙwaƙule ƙaramin kogo da kayan hannu kawai a cike shi, ba inji, ba lantarki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan simintin da man goge baki mai fulorayid a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin kogon yaron Kiru ko na Doguwa ba ya bukatar a jira sai ya zama na zuwa Kano. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin haƙori, suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma mai ciwo a Riruwai sai ya lissafa kuɗin mota, da wunin gona da zai rasa, da layin da zai bi. Ba na ganin laifinsa in ya ce bari ya ƙara kwana biyu. Abin da nake roƙo shi ne a samu ma'aikacin haƙori mai horo, da kayan aikinsa, a asibitocin ƙananan hukumominmu, yana kuma zaga makarantun firamare yana duba bakin yara, kamar yadda masu rigakafi suke zagawa.

Gwaggona ce ta nuna mini abin da jira yake jawowa. Turminta na ƙasa ya yi wata biyu yana damunta. Ta sa kanumfari, kuma ba ta yi kuskure ba a nan, domin man kanumfari yana kashe zogi, su kansu likitoci suna amfani da shi a cikon wucin gadi. Kashe zogi dai ba ya toshe rami. Wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ruwan batir, Allah ya sa ta ƙi. Wannan ƙona nama yake yi. Ana nan sai ciwon ya ɗauke ɗif, ta ce ta warke. Ashe jijiyar da ke cikin haƙorin ce ta mutu. Kamar azarar da gara ta cinye ce: daga waje lafiya lau, ciki kuwa babu komai, soro yana jiran ranarsa. Bayan 'yan makonni kuncinta ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, baki ya ƙi buɗuwa sosai.

Da muka je, likita ya ɗauki hoton haƙorin ya nuna mana baƙin tabo a ƙarshen saiwa. Ya ce, "Hajiya, da kin zo tun farko ciko za mu yi. Da kin zo da ya fara hana ki barci, da mun wanke cikin saiwar mun cike, mun sa masa hula." Ta ce, "Likita, hula kuma?" Ya ce irin ta haƙorin Makka, sai dai wannan don ta riƙe haƙorin ne kada ya fashe. Yanzu kuwa bangon ya ruɓe har ƙasa, babu abin da hular za ta zauna a kai, dole aka cire. Ya yi mata allurar kashe zafi, bai ɗauki lokaci ba, ya sa ta ciji auduga kamar rabin awa, ya hana ta kuskure baki da ƙarfi ranar, ya ce daga washegari ta riƙa yi da ruwan ɗumi da gishiri. Abin da ya faɗa mini a bakin ƙofa shi ne ya tsorata ni: irin wannan kumburin in ya gangara ƙarƙashin haɓa da wuya yana iya toshe numfashi. Kumburin fuska da zazzaɓi da wahalar haɗiya ba abin da za a kwana da shi a gida ba ne.

Cirewa ma ba ƙarshen magana ba ce. In ɗaki guda ya faɗi a cikin jere, na kusa da shi sun rasa majingina. Haƙoran da ke gefen giɓi sukan karkato, na sama ya zazzago, abinci ya samu sabon maɓoya. Ana cike giɓi da haƙorin roba mai cirewa, ko wanda ake ɗaurawa a jikin maƙwabtansa, ko a dasa ƙarfe a ƙashi a ɗora haƙori a kai, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu.

Iyaye kuma akwai wurin da muke yawan yin asara ba mu sani ba. Yaro yana da haƙoran yarinta 20, babba yana da 32. Wajen shekara 6, daidai lokacin da ake fara famfara, wani turmi yakan fito can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Sai a ɗauka na yarinta ne, in ya yi kogo a ce ai zai zube wani ya fito. Ba zai fito ba, wannan na dindindin ne. Haka in babur ya kayar da saurayi haƙorinsa na gaba ya fita ɗungurungum, kada a jefar. A kama shi ta kai, ba ta saiwa ba, a sa shi cikin madara, a garzaya wurin likita cikin awa guda. Sau da yawa ana mayar da shi ya kama.

Wuri ɗaya ne misalin Kawu ya gaza. Katanga in ta faɗi, da ƙasarta ake sake tayar da ita. A jiƙa, a kwaɓa, a yi tubali, kafin kaka ta miƙe. Ban taɓa ganin an yi wa haƙori haka ba.

Na je gaishe da Gwaggo a Tudun Wada makon jiya. Na tarar da ita a kan tabarma, magogi a cinyarta, tana goga goro a tafin hannu domin ɓangaren hagu ba ya iya taunawa. Ta ce wani turmin na dama ya fara yi mata tsami in ta sha ruwan randa. Na ce, "Gwaggo, sai mu bari a gama yankan shinkafa?" Ta girgiza kai, ta ce in nemo mana mota ranar Litinin.