Wa ya ba mai gwajin mota makullin da ke hannunsa?

Potiskum gari ne da arzikinsa ke tafiya a kan taya. Motocin da suka taso daga Kano ta Azare da waɗanda suka taso daga Jos ta Bauchi duk nan suke biyowa zuwa Damaturu da Maiduguri, ran Laraba kuma tireloli na lodin shanu zuwa kudu. A irin wannan gari sayen mota zuba jari ne, wani lokacin ma jarin gida gaba ɗaya. Shi ya sa ya kamata a duba sabuwar al'adar da ta shigo, ta yanke shawara da bidiyon YouTube ko TikTok inda wani ke jera Corolla da Civic yana raba musu maki. Irin wannan kwatance ba ya da wata daraja sai an san abu biyu: wanda ya ɗauki nauyinsa, da ainihin motar da aka gwada.

A yawancin mujallu da shirye-shiryen mota na duniya, kamfani ne ke ba da aron motar gwaji, shi ke biyan kuɗin jirgi da masauki idan za a ƙaddamar da sabon samfuri, shi ne kuma mai ba da talla. Ba sai an miƙa wa kowa ambulan ba. Wanda ya cika kushe, shi ya san baɗi ba za a kira shi ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hatta manyan da ake ganin sun fi ƙarfin wannan an kama su. A Janairun 2014 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta amsa cewa an yi aringizon ƙuri'u a gasarta ta motar da jama'a suka fi so: an sanar cewa Volkswagen Golf ta samu ƙuri'a 34,299, alhali 3,409 ta samu. A Amurka mujallar Motor Trend ta naɗa Chevrolet Vega gwarzuwar 1971, motar da daga baya ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa da lalacewar inji. Mujallar Consumer Reports kuwa, wadda aka kafa a 1936, da kuɗinta take sayen motocin gwaji ba tare da dillali ya san ko wace ce ba, kuma ba ta karɓar talla. Wannan tsari yana da tsada, shi ya sa masu bin sa ba su da yawa.

A ɗauka ma mai gwajin mutumin kirki ne. Motar da ya hau sabuwa ce dal, a kan titi mai sulɓi, cikin sanyi. Wadda mutumin Potiskum zai saya galibi 'yar Beljiyam ce ko 'yar Kwatano da ta haura shekara goma, wata an mayar da lissafin kilomitarta baya, wata daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya ta fito. Za ta shiga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ta sha ƙurar hunturu, wani lokacin a ɗura mata man 'yan bumburutu, a kuma ɗora mata kayan da wanda ya ƙera ta bai taɓa mafarki ba. Maki nawa aka ba lagiretonta a wannan hali? Babu wanda ya auna. Ko sabuwar ma, suna ɗaya ba ya nufin ƙarfe ɗaya. Ƙungiyar Global NCAP, da ta fara gwajin karo ga motocin kasuwar Afirka a 2017, ta ba Nissan NP300 Hardbody sifiri wajen kare manya a 2018. A 2020 ta haɗa sabuwar Hardbody ɗin karo da tsohuwar Navara ta 2015 da aka ƙera wa Turai, tsohuwar ce ta fi kare direbanta. Alƙaluman da kamfani ke bugawa kuma daga ɗakin gwaji suke, kuma tun 2015, da aka gano Volkswagen ta sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar yaudarar gwajin hayaƙi, babu mai hankalin da zai haɗiye su ba tauna.

Za a ce to a watsar da bidiyon mana, a koma wurin bakanike da dillali kamar yadda aka saba. Akwai gaskiya a ciki, domin bakaniken unguwa idan ya ba da muguwar shawara gobe za a same shi a garejinsa. Amma shi ma ba alƙali ba ne. Dillali la'adarsa yake kallo. Bakanike kuwa motar da ya iya gyarawa yake yabo, wadda ke buƙatar na'urar kwamfuta sai ya ce ba ta ƙasar nan ba ce, alhali shi ne bai koya ba. Da haka tsohuwar Toyota ke yin tsadar da ta wuce kima, wasu motoci masu lafiya kuma a ƙaurace musu. Ga kuma abin da gareji ba zai taɓa ganowa ba. A 1997 wata mujallar Suwidin, Teknikens Värld, ta kifar da sabuwar Mercedes A-Class a gwajin kauce wa dabba a kan hanya, har kamfanin ya dakatar da sayarwa ya gyara ta. Aikin jarida mai 'yanci ne ya yi wannan, kuma duk wanda ya taɓa karo da garke a hanyar Gashuwa ya san amfaninsa.

Wasu kuma za su ce mai bidiyon ai abinci yake nema. Babu laifi, ya nema. Laifin shi ne ya tsaya a filin dillali, da makullin dillali a hannu, yana magana da muryar mai raba gardama. Ya faɗa tun farko cewa talla ce, mai kallo ya san ma'aunin da zai ɗora maganar.

Ilimin da ake buƙata yana nan kwance a tashoshi. Direbobin Sharan da Golf da Hiace da ke zirga-zirgar Kano kullum sun san lita nawa kowace ke sha, wata nawa birki da taya ke yi, da kayan gyaran da sai an aika Kano ko Legas. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafin ne ke raba riba da asara. Gidajen rediyon Yobe da reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW na iya mayar da shi shiri: a cika tankin motoci biyu, su je Damaturu su dawo da kaya iri ɗaya, a sake cikawa a gaban shaidu, a karanta sakamakon tare da sunan wanda ya biya kuɗin man. Kafin a kai ga haka, mai niyyar saye ya binciki lambar shasi, ya tambayi direba uku da ba su da abin sayarwa, sannan ya ƙirga kuɗinsa.