Idan Ɗanki Ya Ce Zai Haɗa Fim Mai Sa Faɗuwar Gaba

A ce ɗanki ya dawo Funtua hutu daga Zariya ko Kano, inda yake karatun wasan kwaikwayo ko aikin jarida, ya ce malami ya ba su aikin haɗa ɗan gajeren fim na minti goma. Shi da abokansa sun zaɓi irin fim ɗin nan mai sa faɗuwar gaba. Yana neman kuɗin da kafinta zai sassaƙa masa bindigogin katako, zai ari babura uku, kuma za su fita bayan gari da almuru, fuska a rufe da rawani. Me za ki ce masa?

Wata uwar za ta hana shi gaba ɗaya, wata kuma ta miƙa kuɗin don kada a ce ta tauye masa karatu. Akwai hanya ta uku, kuma ita ta fi: ki nuna masa cewa irin wannan fim ba ya bukatar bindiga ko kaɗan. Manyan masu wannan sana'a ma haka suka ce.

Inda haɗarin yake

Ba sai an gaya wa mutumin kudancin Katsina mene ne tsoro ba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtua da Malumfashi da Bakori. Tun Oktoban 2023 kuma gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma, ga 'yan sa-kai a ƙauyuka. A irin wannan yanayi, wanda ya hango samari a kan babura da abu mai kama da bindiga ba zai tsaya tambayar ko ta katako ce ba. Sannan ko an gama ɗauka lafiya, guntun bidiyon na iya faɗawa WhatsApp ba tare da bayani ba, a yi ta yaɗa shi a matsayin hari na gaske, da fuskar ɗanki a ciki.

Sirri na farko: mai kallo ya riga jarumi sani

Alfred Hitchcock, ɗan Ingila da ake ɗauka uban wannan nau'in fim, ya ba da wani misali a hirarsa da François Truffaut na Faransa a 1962. Mutum biyu na hira a kan tebur, kwatsam bam ya tashi: mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma in aka fara nuna masa an ajiye bam ɗin ƙarƙashin teburin, aka nuna masa agogo, to hirar banza ma sai ta hana shi numfashi, don yana ji kamar ya yi musu ihu su tashi.

Mu dawo da wannan gida. Uwar adashi ta ƙulle kuɗin zubi a leda, wata amarya za ta kwasa da la'asar. Muna kallo ɗan autanta ya tura ledar cikin buhun masara yana wasa, aka zo aka ɗinke bakin buhun. Ita ba ta sani ba, mu mun sani. Ga motar 'yan kasuwa ta tsaya a ƙofar gida ana lodi. Babu jini, babu makami, amma wace uwa ce za ta iya ɗauke ido?

Sirri na biyu: wa'adi

Zullumi ba ya kama mutum sai an ce lokaci na ƙurewa. A labarin adashin nan, kiran sallar la'asar shi ne wa'adin. Ɗanki na iya nuna inuwa tana matsawa a jikin katanga, ko buhunan da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya, ko cajin waya da ya saura kashi biyu. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don gari ya waye bai fita ba, mai karatu kuma na fargabar ko yau ɗan sarkin zai kuɓuce masa.

Sirri na uku: abin da ba a gani ba ya fi ban tsoro

Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar fim ɗin Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan teku. Dole ta sa ya rage nuna shi, ya koma nuna motsin ruwa da gangunan da kifin ke ja, tare da wani kiɗa mai matsowa sannu a hankali. Wannan rashin ne ya zama ƙarfin fim ɗin.

Ke ma kin san wannan tun kina yi wa yara tatsuniya. Ba ki taɓa nuna musu Dodo ba. Murya kike saukarwa, ki yi shiru na ɗan lokaci, sai ki ga sun maƙale a jikinki. To haka fim yake. Ƙarar ƙyaure, takun da ya tsaya a zaure, karen maƙwabta da ya daina haushi farat ɗaya, waya mai ƙara ba a ɗauka: duk kyauta ne. Shi ya sa in za ki taimaka da kuɗi, gara ki saya masa ƙaramar makirfo da a kashe su wurin kafinta. Mai kallo na yafe hoto mai duhu, amma ba ya yafe sautin da ba ya ji.

Sirri na huɗu: wuri ɗaya ya isa

Fim ɗin Rear Window na Hitchcock, na 1954, kusan dukkansa daga ɗaki ɗaya aka ɗauke shi: mutum ne da karyayyiyar ƙafa yana leƙen maƙwabta ta taga. Ƙuntataccen wuri na ƙara matsi, don jarumi ba shi da wurin gudu. Tsakar gidanki da rumbu da zaure sun wadatar. Kayan aiki ma ba hujja ba ce. Steven Soderbergh ya ɗauki fim ɗinsa Unsane na 2018 da wayar iPhone, kuma a nan Kaduna wasu samari da ake kira The Critics sun yi suna a duniya a 2019 da finafinan da suka fara haɗawa da wayar hannu.

Sirri na biyar: a shuka kafin a girba

Irin wannan fim kan ƙare da juyin da ba a zata ba, amma juyin kirki sai an shuka alamarsa tun farko. In a ƙarshe za a gane kaka ce ta cire ledar tun kafin a ɗinke buhun, to a minti na biyu a nuna ta tana gyara ɗaurin zaninta ba tare da an ja hankali kai ba. Mai kallo zai ce, "Ashe!" Wannan "ashe" ita ce makin da malami ke nema.

Naki aikin

Ki ce ya karanta miki labarin tun kafin a kunna kyamara. Ki tambaye shi: me jaruminka ke tsoron rasawa? Ƙarfe nawa lokacinsa zai ƙare? Me mu muka sani da shi bai sani ba? In ya kasa amsawa, bindiga ba za ta gyara fim ɗin ba.

Sannan ki kafa sharuɗɗa. Babu makami ko na wasa, babu kakin jami'an tsaro, babu fita bayan gari, babu ɗauka a waje bayan magariba. In za su ɗauki wani abu a kan titi, su riƙe takardar makaranta, mahaifinsa ko kawunsa ya raka su wurin mai unguwa, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda. Duk yaron da zai fito a ciki, sai da yardar iyayensa. In kuma labarin ya taɓa satar mutane, ki tuna masa cewa a cikin masu kallo akwai waɗanda abin ya faru a gidajensu, ba kayan nishaɗi ba ne a wurinsu.

Yaron da ya iya riƙe zuciyar mai kallo da buhun masara da kiran sallah ya koyi sana'ar da gaske. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.