Rangwamen Bugu a Wasan Ƙwallon Lambu da Yadda Ake Bitarsa

A wasan gwalf, wanda ƴan jarida ke kira ƙwallon lambu, mai nasara shi ne wanda ya zagaye ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci. Idan haka ne, ɗan koyo ba zai taɓa iya karawa da gwani ba. Don haka aka ƙago abin da Turawa ke kira handikaf. A nan za mu kira shi rangwamen bugu, domin ragi ne ake yi wa ɗan wasa daga lissafinsa, kamar yadda mai kanti ke rage wa mai saye kuɗi.

Ga misali. Mai rangwame 18 ya yi bugu 90, aka cire masa, saura 72. Mai rangwame 5 ya yi 78, saura 73. Na farko ya ci, ko da yake na biyu ya fi shi iya wasa.

A nan ne matsala take. Wasu sukan ɓata wasa da gangan a ranakun da babu kyauta, don rangwamensu ya ƙaru, ranar gasa kuma su kwashe kofi. Shi ya sa tsarin bai-ɗaya na duniya, wanda ƙungiyar R&A ta Sikotland da USGA ta Amurka suka fara aiki da shi a 2020, ya sa shinge. Ana duba wasanni 20 na ƙarshe, a ɗauki 8 mafiya kyau, a fitar da matsakaicinsu. Ke nan munanan wasanni ba sa shiga lissafi da sauƙi. Kuma idan rangwamen mutum ya haura mafi ƙanƙantarsa na shekara guda da bugu 3, sai a raba abin da ya ƙaru bayan nan biyu. Ba zai wuce ƙarin bugu 5 ba ko ta yaya. Wanda ya yi wasan da ya fi matsayinsa da bugu 7 zuwa sama, nan take a rage masa. Iyakar rangwame 54 ce.

Duk da haka lissafi bai isa ba. Kwamfuta ba ta san wanda ya tashi daga jinya ba, ko dattijon da ƙarfinsa ya ragu, ko mai ɓoye takardar makinsa. Saboda haka ake son kwamitin kowane kulob ya yi bitar rangwamen ƴaƴansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya ƙara ko ya rage, bayan ya sanar da ɗan wasan ya kuma ji ta bakinsa.