Kiyaye Lafiyar Maharbi Idan Ya Shiga Daji Shi Kaɗai

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, maharba sukan ɗauki kwari da baka ko bindigar toka su nufi dawa. Waɗansu sukan fita a ƙungiya ƙarƙashin Sarkin Baka, waɗansu kuwa su kaɗai suke tafiya, har su yi kwanaki ba a ji ɗuriyarsu ba. Saboda waɗannan na biyu muka shirya wannan bayani, muna kuma roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su isar da shi ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Mun san akwai tsohuwar al'ada ta ɓoye inda za a je farauta, don kada wani ya riga mutum zuwa wurin nama. To amma wanda ya karye a cikin kwazazzabo, ba wanda ya san inda ya nufa, ta ina za a fara nemansa? Wajibi ne maharbi ya shaida wa mutum ɗaya amintacce dajin da zai shiga, da hanyar da zai bi, da ranar komowarsa. In ranar ta wuce bai dawo ba, iyalinsa su sanar da mai unguwa da Sarkin Baka a daren nan, kada a jira gari ya waye sau biyu. Wayar salula tana da amfani, amma a kashe ta don adana caji, a kuma lura da tudun da ake samun sabis a kansa.

Haɗarin da ya fi damunmu shi ne saran maciji, musamman kububuwa, wadda ake yi wa kirari da gobe da nisa. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa, tana kwana a gindin duwatsu da busasshen ganye, da dare take fita. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya jin sauƙi bayan saran, ya ci gaba da farautarsa, sai bayan sa'o'i jini ya fara fita daga dasashi ko ya bayyana a fitsari. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane da yawa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, kuma asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar irin waɗannan majinyata.

Wanda maciji ya sara ya nisanci wurin, ya cire zobe ko kambu ko duk abin da zai matse gaɓar idan ta kumbura. Kada ya tsaga wurin da aska, kada ya tsotse, kada kuma ya ɗaure da igiya ko roba tamau, domin ɗaurin yakan kashe gaɓar har a kai ga yankewa. Ya rage motsa gaɓar gwargwadon iko, ya nufi ruga ko ƙauye mafi kusa a hankali ba da gudu ba, daga nan a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ba ma raina ilmin da maharba suka gada na saiwoyi da sassaƙe, amma baƙin dutse da jiƙo ba sa mayar wa jini daskarewarsa. In kuwa maciji mai tofi ya fesa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Takalmi mai rufe idon sawu da tocila sun fi duk wannan arha.

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, tafkuna su ƙafe. Kada a dogara da rafin da aka sani bara. Idan jiri da ciwon kai suka fara, a nemi inuwa, a haɗa ruwa lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa. Ruwan kududdufi a tafasa shi.

Bindigar toka kuma ba ta san mai ita ba. Cika mata albarushi fiye da kima yakan fasa bututun a hannu. Kada a hau itace ko a tsallake rafi da ita a ɗane, kada kuma a harba don kawai an ga ciyawa ta motsa ko ido ya yi ƙyalli a hasken fitila; makiyayi da mai itace su ma suna cikin dajin. Cinna wuta don koro nama kuwa, in iskar hunturu ta juya, mai cinnawar take fara ci. Wajen feɗe ɓeraye a kula da jini da fitsarinsu, domin ta nan ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu.

Akwai kuma abin da kakanninmu ba su sani ba. Dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da Sambisa sun zama maɓoyar 'yan bindiga, baƙo mai makami kuwa abin zargi ne a ko'ina. A watan Maris na 2025 an kashe maharba 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyar komawa gida, bayan an ga bindigogin toka a motarsu an zarge su da satar mutane. Saboda haka duk mai zuwa farauta wata ƙasa ya riƙe katin shaida, da takardar ƙungiyar maharba, da lasisin bindigarsa. Da isarsa ya fara gaida dagacin yankin, ya sanar da 'yan sanda, ya tambayi wuraren da ba a shiga. Gandayen da doka ta keɓe, kamar Yankari a Bauchi da Falgore a Kano, haramun ne farauta a cikinsu.

Muna kira ga dagatai su buɗe littafi na musamman, a riƙa rubuta sunan kowane maharbi mai fita, da dajin da ya nufa, da ranar da ya ce zai dawo. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su binciki asibitin da ke ajiye allurar kashe dafi a yankinsu, a sanar da sunansa a masallatai da kasuwanni kafin lokacin farauta ya kama.