Ƙwaron da Ya Addabi Dazuzzukan Fain na Kanada

A lardin Biritish Kolombiya, can yammacin ƙasar Kanada, inda itatuwan fain masu siririn ganye suka lulluɓe duwatsu, akwai wani ƙwaro wanda girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma tun daga ƙarshen shekarun 1990 ɓarnarsa ta game dajin da faɗinsa ya haura hekta miliyan 18, har aka ƙiyasta ya kashe kimanin rabin fain ɗin da ake yanka katako da shi a lardin.

Al'amarinsa kuwa abin lura ne ƙwarai. Tamatar ce ke fara huda ɓawo, in ta sami shiga sai ta saki wani wari mai kiran 'yan'uwanta, su yi wa itacen taron dangi. Shi kuwa itacen, da yake Allah ya hore masa ƙaro mai danƙo wanda yake tunkuɗo maƙiyi waje da shi, yakan rinjaye su in 'yan kaɗan ne, amma in suka yi dubbai sai ƙaron ya ƙare. Sa'an nan tsutsotsinsu su cinye naman da ke ƙarƙashin ɓawo, wata funfuna da ƙwarin ke ɗauke da ita kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ta rina katakon ya koma shuɗi. Babbar musibar ita ce ganyen ba ya yin ja sai bayan kusan shekara guda, sa'ad da zuriyar ta riga ta tashi ta faɗa wa itatuwan kusa.

Ƙwaron nan fa ba baƙo ba ne a dajin, tun fil azal yana ciki. Dalilin yawaitarsa kuwa, matsanancin sanyin hunturu, wanda kan kai digiri 40 ƙasa da sifili ya halaka tsutsotsin, shi ne ya yi ƙaranci. Ga kuma hukuma ta yi shekara da shekaru tana kashe gobarar daji, da kyakkyawar niyya babu shakka, har itatuwa suka tsufa gaba ɗaya, alhali kuwa tsohon itace mai kauri ƙwaron ya fi so. A 2006 iska ta kwashi rundunarsa ta ƙetare da ita duwatsun Roki zuwa lardin Albata.

Wannan ƙwaro bai zo nahiyarmu ba, amma danginsa masu huda ɓawo suna da yawa a duniya, saboda haka wajibi ne mai kula da gandun fain, irin wanda aka dasa a Afaka kusa da Kaduna, ya riƙa duba gindin itace ko garin katako ya zuba, ya duba ɓawo ko ƙaro ya dunƙule a bakin ƙananan ramuka. In ya ga haka, a sare itacen, a ɓare shi, a ƙone ɓawon nan take, kada kuma a yarda kowa ya ɗauki icen da ɓawonsa zuwa wani daji.