Birkin tsere a titin Abuja: Tsadar da ba ta sayen aminci

Tun shekarar 2006 da Ministan Babban Birnin Tarayya na wancan lokaci, Malam Nasir El-Rufai, ya hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar Abuja, baburan da suka rage a manyan titunan birnin su ne na masu kai saƙo, da na jami'an tsaro masu rakiyar manya, da kuma manyan baburan da ma'abota sha'awa ke fitowa da su a ƙarshen mako. A cikin masu manyan babura akwai ma'aikatan gwamnati da hadiman manya, kuma wani tunani ya samu gindin zama a tsakaninsu: duk kayan da aka ƙera domin tsere ya fi na titi inganci. A kan birki, wannan tunani na iya cin rai.

Abin da ake magana a kai shi ne ɗan fallen nan da ke matse faifan taya idan aka kama birki, wanda makanikai ke kira fad. Aikinsa gogayya ne, yana mayar da gudu ya koma zafi. Fad ɗin titi an haɗa shi ne domin ya kama tun yana da sanyi, daga ƙofar gida. Na tsere kuwa an haɗa shi ne domin ya jure zafin da zai sa na titi ya saki, don haka yawancinsu ba sa nuna cikakken ƙarfinsu sai sun ɗau zafi sosai. A gasar MotoGP, inda ake amfani da faifan kabon na kamfanin Brembo na Italiya, sai zafi ya kai ɗaruruwan digiri kafin birkin ya kama yadda ake so, kuma mahayin yana matse shi da ƙarfi kwana bayan kwana, ba ya barin sa ya huce.

Titin Abuja ba haka yake ba. Mai tasowa daga Kubwa da sassafe, ko mai bin hanyar filin jirgin sama daga Lugbe, yakan yi tafiyar kilomitoci bai taɓa birki ba, iska tana ta busa faifan har ya yi sanyi ƙalau. Sai kwatsam tasi ta tsaya ɗaukar fasinja, ko wani ya ƙi hawa gadar masu tafiya a ƙasa ya ratso titi da gudu. A wannan daƙiƙa ce ake buƙatar birki, kuma a ita ce fad ɗin tsere ya fi rauni. Taku biyar da babur ya ƙara kafin ya tsaya sun isa su raba tsira da asibiti. Sanyin safiyar hunturu da ruwan damina suna ƙara dagula lamarin.

Idan kuma ya yi zafi, wata matsalar ce ke biyowa. Yakan cafke faifai da ƙarfin da aka auna da tayar tsere mai danƙo a kan kwalta mai tsabta. A shataletalen Berger ko cunkoson AYA zuwa Nyanya, inda yashi da malalar man inji ba sa rasuwa, tayar gaba na iya kullewa, musamman a babur marar na'urar ABS. Ga ƙara mai damuwa, ga cin faifai da wuri, alhali faifan ya fi fad tsada nesa ba kusa ba.

To, me ya kamata mai saye ya duba, a Apo ne ko a Zuba? Na farko, littafin da ya zo da babur. Na biyu, haruffa biyu da ake bugawa a bayan fad, kamar GG ko HH: na farkon yana nuna ƙarfin kamu a zafi kaɗan, na biyun a zafi mai yawa. Na uku, alamar R90 ta ƙa'idar Turai, wadda ke nuna cewa aikin fad ɗin ya yi kusa da na asali. Kamfanoni irin su EBC da SBS suna raba na titi da na tsere, kuma sukan rubuta a kwali cewa wannan na filin tsere ne kawai. Gargaɗi ne, ba kirari ba.

Wanda ya ji birkinsa ya yi laushi, ya fara da sauya man birki, wanda aka saba yi duk shekara 2, sannan ya duba taya da faifai. Jami'in da ke sa hannu a takardar gyaran baburan ma'aikata ma ya lura, domin kaya mafi tsada a jerin ɗan kwangila ba lallai ne ya dace da mai kai wasiƙa daga Sakatariyar Tarayya zuwa Garki ba. Kowane allazi da nasa amanu. A titi, birkin kirki shi ne wanda ya kama a matsawar farko.