Zuƙar Iska ta Ɓarauniyar Hanya a Tsohuwar Mota

Hakimai da malaman ofisoshinsu a ƙasashen Makarfi da Ikara da Kudan sun san yawan tsofaffin motocin da ke bin hanyar Gazara, tun ba lokacin saran rake ba. Cikinsu har da Peugeot 504, irin wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe cikin 1975 ta riƙa haɗawa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, ɓarnar mai ta zama hasara babba, saboda haka ya kamata a san wata cuta da ke jawo ta.

Inji yana zuƙar iska da fetur a gauraye, wajen awo 15 na iska ga awo 1 na fetur bisa nauyi. Idan tiyon roba ya tsage, ko gasket ɗin ƙarƙashin kafireta ya mutu, sai iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya, awon ya ɓaci. Zafin inji da bushewar hunturu su ne ke tsufar da roba.

Alamunta su ne: inji ya riƙa rawa ko ya mutu sa'ad da mota ke tsaye, a ji wani tsaki siriri, wani lokaci kuma birki ya yi tauri, gama da wannan zuƙa tukunyar birki ke samun ƙarfi. Wannan na ƙarshe maganar rai ce. Kada a ɗauki mutane sai an gyara.

Ga yadda a ke gwadawa. A ta da inji, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ana fesa ruwa kaɗan, ana kiyaye hannu daga fanka. Inda kukan inji ya sāke, nan ne tsagar. Kada a fesa fetur, domin gudun gobara. Ga birki kuwa, a kashe inji, a taka sau biyar, a riƙe, sa'an nan a tayar. Lafiyayye zai ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa.

Wajen kuɗi, tiyo ya fi araha, gasket ya bi shi saboda aikin kwancewa, tukunyar birki ta fi tsada. Wani bakanike zai ƙara wa kafireta mai kawai. Rawar ta lafa, amma tsagar tana nan, mai yana ta ƙonewa a banza.

Saboda haka a tambayi gareji biyu ko uku, na Makarfi da na Zariya, kowanne ya raba kuɗin kaya da ladan aiki. A binciki farashin kayan a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a kuma lissafa man zuwa da komowa. Malami ya rubuta kome cikin littafi, ya karɓi tsohon kayan da aka cire. Araha ba ta ado, amma kuma kada a sayi kafireta alhali kuwa tiyo ne ya tsage.